Bakin da Na Ara wa Yayana

Yayana mai i'ina ne. Ya tsani a fara ba da labarinsa da wannan, amma ban san ta inda zan fara ba idan ba ta nan ba. Tun yana yaro haruffa uku suke tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi: ba, da ma, da ka. Ko "Baba" bai taɓa faɗa a numfashi ɗaya ba har mahaifinmu ya bar duniya. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Ni ce auta, kuma har yau da nake da 'ya'ya biyu Auta yake kirana, don sunan yana fita masa ba gardama.

A maɗaba'a ya yi aiki shekara ashirin da biyu, yana gyaran rubutu kafin a buga. Teburinsa na can lungu, bayan tulin takardu, ƙarƙashin wata taga da ba ta buɗuwa. Kalanda, katin gayyata, littafin lissafi na 'yan firamare, har 'yar takardar nan da ake naɗewa a cikin kwalin magani, duk sai sun bi ta hannunsa. Ma'aikata suka sa masa Jan Biro. Matarsa, wadda nake kira Anti, tela ce, kuma ta sha ba mu labarin wasiƙar da ta rubuta masa kafin aurensu. Ya dawo mata da ita da gyara uku, sannan a ƙasa ya rubuta, "Ni ma haka."

A bayan takardun da inji ya lalata yake rubuta waƙoƙinsa. Ba irin waɗanda ake rerawa ba ne. Nasa kamar magana suke, gajeru, a kan abin da kowa ke gani bai kula ba: hannun kwandasta, layin bokitai a bakin famfo, takalman mahaifinmu bayan ya rasu. Idan ka karanta sai ka ɗago kai ka dubi ɗakin da kake zaune kamar yau ka fara shigarsa.

A saman ɗakin karatu na unguwarmu akwai wani zaure da marubuta waƙa suke taruwa ranar Asabar ɗin farko ta kowane wata, daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Kujerun roba arba'in, fanka ɗaya mai ƙara, da makirufo mai fito idan an matso shi da yawa. Kowa minti biyar ake ba shi, idan ya zarce mai gabatarwa ya kaɗa ƙararrawa. Shekara goma sha uku Yaya yana zuwa, yana zama a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa, bai taɓa tashi ba. Waɗanda suka fara zuwa tare da shi duk sun yi gaba. Ɗaya yana da shiri a rediyo. Ɗaya sai dai a ga hotonsa a filin jirgi, yau wannan ƙasa gobe waccan. Wata ta zama malamar jami'a, ɗalibai suna rubuta jarrabawa a kan waƙoƙinta. Littattafansu kuwa a teburin Yaya suke sauka kafin su fito, kuma ba harafi kawai yake gyara musu ba. Yakan ja layi a ƙarƙashin baiti ya rubuta a gefe, "Wannan yana ɗingishi," ya ba da wata kalmar. Su karɓa, su yi godiya a bakin ƙofa, amma a shafin godiya ba a ganin sunansa. Bai taɓa ƙorafi ba. Anti ce take yi masa.

Shekarar da ya cika arba'in da bakwai mai maɗaba'ar ya kira shi ofis. Ɗansa ya dawo daga karatu ya kawo kwamfuta mai ja wa kuskure layi da kanta, masu kawo aiki kuma ba sa son jiran kwana biyu don a duba musu waƙafi. Ya ce Yaya ya nemi abin yi kafin ƙarshen shekara. Yaya ya buɗe baki zai ce wani abu, harafin ya maƙale. Maigidan ya ɗan jira, sannan ya dubi agogo ya ce, "Na gane, na gane. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ya nema. Makarantu, gidan jarida, wani kamfanin talla. Takardar neman aikinsa takan fi ta kowa kyau, sai a kira shi ganawa, daga nan kuma shi ke nan. Bayan ganawa ta huɗu ya daina gaya wa Anti inda za shi. Ya tattara waƙoƙinsa guda sittin, ya buga su da hannunsa, ya kai wa wata Hajiya mai ɗan kamfanin buga littattafai. Da ta ce ya dawo bayan mako biyu, sai ya ce in raka shi. Ni a ɗakin ba da magani na wani asibiti nake aiki, wuni nake ina kiran sunayen marasa lafiya ta taga, saboda haka murya dai Allah ya ba ni.

Hajiya ta ɗora tafin hannunta a kan takardun ta ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba, na yi shekara goma rabon da a kawo mini irin wannan. Ta takalman nan sau uku na karanta ta, sai da na kira ƙanena a waya."

Na ga kunnuwan Yaya sun motsa.

Ta ce, "Amma ka dubi can." Ta nuna kwalaye jibge har rufi. "Duk waƙoƙi ne, kuma masu kyau. Littafin waƙa ba ya tafiya a kanti. A bakin ƙofar zaure ake sayensa, bayan mutum ya karanta ya taɓa zukatan mutane, kafin su huce. Marubucin da ba ya tsayawa gaban jama'a, gara ce kawai take karanta littafinsa. Ka tashi a taron watan gobe ka karanta ɗaya. Ɗaya tak. Ni zan zo in zauna a gaba."

Na ce, "Hajiya, kin san lalurarsa fa."

Ta ce, "Na sani, ƙanwata. Ni ma ga tawa lalurar nan har rufi."

Mako biyar ya yi yana shiri. Abokinsa mai tuƙa injin maɗaba'ar, wanda kowa ke ce wa Mai Inji, yakan bar shi ya tsaya a gefensa idan inji na gudu. A cikin wannan ƙara Yaya ba ya jin muryarsa, sai maganar ta riƙa fita sumul. Ana kashe inji ta dawo yadda take. Wani likita a asibitinmu ya koya masa jan numfashi daga ciki da buga yatsa a cinya a kan kowace gaɓa. Ya yi ta yi har cinyar ta yi tabo.

Wata rana Anti ta dakatar da kekenta ta ce, "Baban yara, ka rera mana. Ai idan kana rera waƙa ba ka i'ina."

Gaskiya ta faɗa. Ya tsaya a tsakiyar falo ya sa wa waƙar takalman murya, ta fita tiryan-tiryan ba tuntuɓe. Amma kafin ya kai ƙarshe babbar 'yarsa ta cusa mayafi a baki, ni ma na sunkuyar da kai. Shi kansa ya ji. Ya ninke takardar ya ce, "Ta z-zama tallan maganin basir." Muka yi dariya dukanmu, har shi. Ita ce dariyar ƙarshe da na ji an yi a gidan nan tsawon lokaci.

A wannan makon ne ya nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ya baje waƙoƙin a tabarma ya bi farkon layuka da yatsa. A cikin waƙa sittin babu layi ko ɗaya da ya fara da ba, ko ma, ko ka. Ya ce tun yana saurayi haka yake rubutu, ko da wata rana. Ashe duk shekarun nan da yake zaune a kujerar ƙarshe, share wa kansa hanya yake yi.

Ranar taron zaure ya cika har da na tsaye, don labari ya bazu cewa Hajiya za ta zo, kowane matashi yana so ta gan shi. Wata budurwa ta karanta tata daga waya, aka yi ta tafi. Sai mai gabatarwa, wanda ake yi wa laƙabi da Zaƙin Baki, ya ce, "Jama'a, yau wanda ya daɗe yana yi mana gyara, shi za mu yi wa." Aka yi dariya. Yaya ya taso daga baya cikin farar rigar da Anti ta goge sau biyu.

Makirufo ya yi fito. Ya ja baya kaɗan, ya ja numfashi yadda likita ya koya masa, ya buɗe baki zai gaishe da mutane.

"S-s-s-s..."

Harafin da bai taɓa ba shi wahala ba a rayuwarsa. Haƙoransa suka haɗe, jijiyar wuyansa ta miƙe, idanunsa suka rufe. Yatsan da ke buga cinya ya koma dunƙulen hannu. Wani daga tsakiya, da kyakkyawar niyya, ya ɗaga murya ya ce, "Sannunku!" Aka yi tafi don a ƙarfafa shi. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Ya bar gaisuwar ya nufi kalmar farko ta waƙar.

"T-t-t-t..."

Gumi ya ɗiga a kan takardar. Na ga wayoyi sun fara ɗagowa. Na ga hannun Zaƙin Baki yana shawagi a kan ƙararrawa, ya rasa ko ya kaɗa ko ya bari. Hajiya ta sunkuyar da kai tana duban jakarta. Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Na kama takardar, bai sake ta ba da farko, har gefenta ya yage. Na ce, "Wannan waƙar yayana ce." Na karanta yadda nake kiran sunaye a taga, ba ado ba kwalliya:

Takalman Baba suna nan a bayan ƙofa,
har yanzu dugadugansu sun karkace hagu,
yadda yake jingina idan ya gaji.
Na sa ƙafata a ciki jiya,
sai na ji ina tafiya irin tasa,
ina nufar gidajen da ban san kowa ba.

Da na kai ƙarshe zauren ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Wani dattijo a layin gaba ya cire tabarau yana goge ido da bakin riga. Sannan tafi ya ɓarke. Na juya in kama hannun Yaya, babu shi. A ƙasan bene na same shi, zaune a matakala ta ƙarshe kusa da inda ake ajiye babura.

Bai dube ni ba ya ce, "Na ji t-tafin daga nan."

Wani ya sa hoton bidiyon a waya, amma ya yanke farkon. Babu Yaya, babu inda na ce waƙarsa ce. Kafin mako ya zagayo, mata a tagar magani suna leƙowa suna cewa, "Ba ke ce mai takalman Baba ba?" Hajiya ta kira ta ce za ta buga littafin da sunansa, ni kuma in riƙa karantawa a taro. Muka yarda. Cikin wata huɗu na karanta a wuri shida, makarantu da zauren otal da gidan rediyo. Hotona ake sawa a takardar sanarwa. Ko'ina sai na ce na yayana ne, mai gabatarwa kuma ya ce, "Kun ji tawali'u!" a yi tafi. Yaya yana can baya riƙe da jakata. A gidan rediyo maigadi ya hana shi shiga, ya ce direbobi a waje suke jira.

Littafin kuwa shiru. Yau Hajiya ta ce takarda ta yi tsada, gobe ta ce a bari suna ya ƙara yaɗuwa, jibi ta ce me zai hana a sa sunayenmu mu biyu a bango. Shekara ta ƙare, aikin maɗaba'a ya ƙare da ita. Anti ta koma karɓar ɗinkin kayan makaranta, tana kan keke daga safe har ƙafafunta su kumbura. Babbar 'yarsu ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, ta ɓoye takardar a ƙasan katifa ba ta gaya wa kowa ba, sai da ƙanwarta ta tona. Mai gidan da suke haya kuma ya ce ɗansa zai yi aure, yana son wurinsa. Yaya ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wata Lahadi da hantsi ya zo gidana da takarda a hannu. Wata gidauniya a babban birni ta sa gasar karanta waƙa. Wanda ya ci za a buga masa littafi, a kuma ɗauki nauyinsa shekara guda ya zauna ya yi rubutu. Ya nuna mini sharaɗi na uku da yatsa: wanda ya rubuta shi zai karanta da bakinsa, minti biyar. Sannan ya miƙo mini fom. Ya riga ya cike shi da kyakkyawan rubutunsa, sunana ne a sama. Sa hannu kawai ya rage.

Na ce, "Yaya, wannan ƙarya ce fa."

Ya fito da waƙoƙi uku sababbi, ya ce babu wanda ya taɓa ganinsu, in ce na fara rubuta nawa.

Na ce, "In aka gane fa? Kai ne za ka ji kunya, ba ni ba."

Idan ransa ya ɓaci ba ya wahalar da bakinsa. Ya juya bayan ambulan ya rubuta da sauri ya turo mini: "Shekara ashirin mutane suna sa sunansu a kan kalmomina ban ce komai ba. Ke aƙalla jinina ce."

Na ce ba zan iya ba. Sai na ga yayana, wanda ya sha ɗaukata a kafaɗa, wanda ya tsaya a matsayin uba ranar aurena, yana tattare riga zai durƙusa a gabana. Na riƙe shi kafin gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Na sa hannu. Maigidana da ya ji ya ce, "Kin taimake shi ko kin ƙarasa shi, Allah kaɗai ya sani." 

Na tsallake zagaye na farko, na tsallake na biyu. Kafin kowane zagaye Yaya yakan zaunar da ni ya koya mini abin da zan ce idan an tambaye ni me ya sa na rubuta kaza. Ya rubuta mini amsoshi na haddace kamar 'yar makaranta. Ya ƙirƙiro mini har da labarin yadda na fara rubutu a bayan takardun magani. Ya fi ni iya zama ni.

Ranar ƙarshe mu takwas ne, a wani babban zaure mai kujeru masu laushi da sanyin na'ura. Alƙalai uku. Ɗaya daga cikinsu shi ne dattijon nan da ya cire tabarau a ɗakin karatu. Tsohon marubuci ne da kowa ke girmamawa, littattafansa biyu na ƙarshe Yaya ne ya gyara su. Na gan shi a teburin alƙalai, na san ya san Yaya, amma na karanta, kuma ban taɓa karatu mai kyau irin na ranar ba. Har mai ɗaukar hoto ya sauke kyamara yana saurare.

Aka ba da hutun rabin sa'a kafin a faɗi sakamako. Ina barandar baya ina shan ruwa sai ga dattijon da sandarsa.

Ya ce, "'Yata, sannu da ƙoƙari. Waƙa uku kin karanta mana tun daga zagayen farko, na ƙirga layi hamsin da huɗu. Babu ɗaya da ya fara da ba, ko ma, ko ka. Mutum ɗaya na sani a duniya mai rubutu haka. Ina yake?"

Duk amsoshin da na haddace babu wannan a ciki. Na fashe da kuka.

Ya ce, "Ba zan tona ki a gaban mutane ba. Ki je ki ce kin janye. Idan ba ki janye ba, ba zan iya sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba."

Ashe Yaya ya biyo ni, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya taho ya kama hannun rigar dattijon da hannu biyu.

"B-b-b-b..."

Dattijon bai ƙarasa masa ba. Bai dubi agogo ba, bai kawar da kai ba. Ya dogara sandarsa ya jira, kamar mai jiran ruwa ya tafasa.

"B-baba. 'Y-'ya'yana."

"Na sani, ɗana."

"W-waƙar t-ta ci ko b-ba ta ci ba?"

Dattijon ya ce, "Ta ci. Ko kusa babu mai bin ta. Da da sunanka ka shiga, ko awa guda za ka yi a kan layi ɗaya, ni zan zauna in saurare ka, kuma kai zan zaɓa."

Yaya ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito. "M-m-minti b-biyar."

 Dattijon ya san sharaɗin, da shi aka rubuta. Ya zare rigarsa a hankali daga hannun Yaya ya koma ciki.

Na janye. Aka sanar cewa wata 'yar takara ta fasa saboda dalilin kanta. Amma barandar ba mu kaɗai ne a cikinta ba, kuma kafin motarmu ta iso gida magana ta riga mu isowa. Wasu suka ce Jan Biro ya yi hayar ƙanwarsa ya ci gasa ta bayan gida. Wasu suka ce a'a, tun farko waƙoƙin nawa ne, shi ne ya laɓe a bayana yana ci da gumina. Wannan ta biyun ita ta fi yaɗuwa, don mutane sun ga bakina yana motsi, nasa kuwa ba su taɓa gani ba. Mai shirin rediyon nan, wanda Yaya ya miƙe wa baitoci ba adadi, ya yi rabin sa'a yana magana a kan gaskiya da riƙon amana a harkar adabi. Bai kama suna ba, bai kuma buƙaci ya kama ba.

Hajiya ta aiko da takardun a cikin leda. Ta haɗa da 'yar wasiƙa cewa ba za ta iya buga littafin da ba a san mai shi ba, a bari ƙura ta lafa. Zaƙin Baki ya aiko a gaya wa Yaya ya ɗan huta da zuwa taro na wata biyu ko uku.

Wata huɗu ba mu yi magana ba. Ba faɗa muka yi ba. Idan na je gidan sai ya shige ɗaki, ni ma sai in ji sauƙi da ya shige. Anti takan rako ni bakin titi ta ce, "Ki yi haƙuri da shi, Auta. Ba ke yake jin haushi ba. Ganinki ne yake tuna masa." Ita ce ta gaya mini ya samu benci a ƙofar wani ofishin gwamnati, yana cike wa waɗanda ba su iya rubutu ba fom. Aikin ya dace da shi, in ji ta, don su ne suke magana, shi sai dai ya rubuta. Wata rana a samu mutum goma, wata rana biyu. Idan aka yi ruwa babu kowa.

Mai Inji ne kaɗai bai canja masa fuska ba. Ya karɓi ledar Hajiya daga hannun Yaya. A lokacin hutun cin abinci, da ragowar takardar wani aiki, ya riƙa buga shafukan kaɗan-kaɗan har ya gama na kwafi ɗari uku. Mai maɗaba'ar ya gani ya yi kamar bai gani ba. Sai dai ba a ninke ba, ba a yanke ba, babu bango, don wannan sashen ba a hannunsa yake ba. Manyan falle ne, shafi takwas a kowace fuska, wasu a miƙe wasu a kife. Ya ɗaure su dami tara da igiya ya kawo a bayan babur, sawu uku.

Ranar da su Yaya za su tashi daga gidan haya na ɗauki hutu na je taya Anti. Ɗaki biyu suka samu a can ƙarshen gari, inda mota ke juyawa. An loda gado da katifu da keken ɗinki da tukwane a a-kori-kura, ya rage kabad ɗin kwanukan Anti da damman takardun nan. Direba ya duba ya ce wuri ɗaya ne ya rage, kuma shi ba zai yi sawu biyu ba.

Ya taɓa dami ɗaya da ƙafa ya ce, "Alhaji, waɗannan ai ka ba masu ƙosai... masu naɗe kaya a kasuwa, za su karɓa da gudu. A sa kabad."

 Yaya ya dubi takardun, ya dubi kabad ɗin. Da shi aka kawo Anti gidan nan, madubinsa ɗaya ya tsage amma kullum sai ta goge shi. Ya sunkuya ya fara jan dami ɗaya zuwa gefen kwata, don ya ba masu ɗaukar kabad hanya.

Anti ta ce, "Baban yara, me kake yi?"

Ya nuna kabad ɗin da haɓa.

Ta juya ta ƙwala wa maƙwabciyarsu kira ta kan katanga, ta ce ta turo a ɗauki kabad a ajiye mata a wurinta, in ta samu hali za ta aiko, in ba ta samu ba ta yi amfani da shi. Sannan ta ɗaura ɗankwali ta kama igiyar damin farko ta ce, "Auta, kama mini can."

Takarda tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Mu biyu muka kasa ɗaga shi sama da gwiwa. Yaya ya zo ya sa hannu a ƙasa kusa da nawa, muka cilla shi cikin mota. Haka muka yi har tara. Igiyar ta yanke ni a tafin hannu, ya gani, ya ciro hankicinsa ya miƙo mini.

Gaban motar mutum biyu yake ɗauka, Anti da ƙaramar 'yar suka shiga. Ni da shi da babbar muka hau baya muka zauna a kan damman. Hanyar duk ramuka ce, muna riƙe da ƙarfen gado. Mun yi nisa sosai kafin ya matso kusa da kunnena, saboda ƙarar mota, ya tambaye ni ko a asibitinmu akwai wanda na sani a makarantar koyon jinya, wanda zai iya sa baki a ajiye wa yarinyar gurbinta zuwa baɗi. Na ce akwai wata sista, zan same ta ranar Litinin. Ya ce in gaya mata yarinyar tana da ƙoƙari. Na ce zan gaya mata.